Tambaya da amsa: Ina hotunan hawan sallar da aka nuna a talabijin a da, kuma in shanya kaset ɗin kawuna a rana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min da shawara, raina a dagule yake. Mahaifina Allah ya jiƙansa ɗan lifida ne a tawagar wani hakimi a nan Kano, kuma tun muna yara yake ba mu labarin cewa an taɓa nuno shi a talabijin a hawan Daushe na wata babbar sallah, lokacin sanyi, wajen 1975, ya ce har mutanen unguwa suka riƙa tsokanarsa. Bara ya rasu kuma ba mu da hotonsa mai motsi ko na minti ɗaya. Na je wani gidan talabijin sau uku, yau a ce mai makulli ba ya nan, gobe a ce in rubuto takarda, ƙarshe wani ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina babu komai a ciki. Wani kuma ya ce min ai duk Turawa sun kwashe suna Ingila. To kwanan nan kawuna da ya yi aikin ɗaukar hoto a wani gidan talabijin shi ma ya rasu, da muka buɗe ɗakinsa muka ga kwali da manyan kaset guda 11, sun fi na bidiyon gida girma, an rubuta U-matic a jikinsu, uku an rubuta Sallah da biro, sai kuma gwangwanayen fim masu faɗi guda 4 suna wani warin tsami. Wasu kaset ɗin ana hango farin abu kamar gari a ciki. Wani mai juye kaset a kasuwa ya ce in shanya su a rana kwana biyu sannan in kawo ya goge da sifirit ya saka a na'urarsa mu ga abin da ke ciki. Ranar Asabar zan kai masa. Shin akwai yiwuwar in ga mahaifina? Kuma shanyar ta kwana biyu ta isa?

Daga wani mai karatu a Kano

AMSA

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka da kawunka, ya sa sun huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗan'uwa, tun kafin in ce komai, ranar Asabar ɗin nan ka zauna a gida. Kar ka kai, kar ka shanya, kar ka bari kowa ya saka ko ɗaya a na'ura. In ma iya nan ka karanta ka ajiye waya to na gode Allah. Zan dawo kan wannan don a nan ne bakina yake ƙaiƙayi, amma bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce ke cin ranka.

Gaskiya ɗaya ce, yawancin hawan sallar da aka nuna a talabijin a shekarun 1960 da 1970 babu su, kuma ba sace su aka yi ba. Talabijin ta fara a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, mu a Arewa sai 1962 aka buɗe ta Kaduna, RKTV, daga baya ta kai Zariya da Kano, sai 1977 aka yi dokar da ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA, ita kuma CTV ta Kano da yanzu ake kira ARTV sai zamanin Rimi a farkon shekarun 1980. To a wancan lokacin abin da aka watsa kai tsaye ya tafi kenan, kamar ka yi magana a lasifika, iska ta ɗauke. Sai in wani ya ga dama ya ɗora faifai ya naɗa, kuma faifan lokacin ba wasa ba ne, irin mai faɗin inci biyu ne da kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956, nauyinsa kaɗai sai ka sa hannu biyu, daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, tasha guda ba ta da su da yawa. Saboda haka in an nuna shiri sau ɗaya ko biyu sai a kai faifan kan na'urar gogewa, cikin ɗan lokaci kaɗan ya koma fanko, a ɗora labarai ko wasan kwaikwayo a kai. Hawan sallah kuwa shi ne ya fi saurin shan gogewa saboda dalili ɗaya da na sha ji da kunnena: ai baɗi ma za a yi. Sau biyu a shekara ana hawa, sarki ɗaya ne tun 1963, Marigayi Ado Bayero, Ƙofar Kudu na nan inda take, jahi iri ɗaya, wa zai ɓata faifai? Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ɗan lifidan da ke bayan hakimi na bana ba lallai ya kai baɗi ba. Da aka shiga tsuke bakin aljihu na 1982 sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, kaset sabo ya zama kamar zinare, sai gogewar ta ƙaru, abin da ya tsira daga farko ma aka bi shi.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne sakarkaru. BBC da kanta ta goge tulin shirye-shiryenta, har da na wasan kwaikwayon Doctor Who da suke ta kuka a kai har yau. A Amurka wasan Super Bowl na farko na 1967, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, manyan tashoshi biyu ne suka nuna shi, CBS da NBC, kuma duka biyun suka goge. NASA ma ta fito a 2009 ta yarda cewa ainihin faifan da aka naɗi saukar ɗan Adam a duniyar wata an goge an sake amfani da shi. To in faifan zuwa wata bai tsira ba ina ga hawan Daushe.

Maganar suna Ingila kuwa rabin gaskiya ce da aka cika ta da ƙarya. Abin da ke Ingila shi ne abin da Turawa suka ɗauka da kyamararsu don labaran silima, irin hawan da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, kuma British Pathé ta zuba finafinanta kusan 85,000 a YouTube tun 2014, kyauta, ka je ka duba, akwai kuma taskar kamfanin dillancin labarai na AP a can. Amma abin da tasharmu ta watsa mana da yamma ranar sallah babu wani Bature da ya zauna a Landan yana naɗa. Abin dariya ma, juyin ya fi faruwa ta ɗaya ɓangaren: a 2013 wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi tara na Doctor Who da BBC ta ɓatar, ka san a ina? A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, cikin gwangwanayen fim, sun yi shekaru kusan arba'in a kan kanta. Su ne suka zo nema a wajenmu. Kuma me ya tserar da su? Ba wanda ya taɓa su, ga sanyin Jos. Riƙe wannan a ranka.

Ɗaya gargaɗin kafin in wuce, waɗannan bidiyoyin da ake yawo da su a TikTok da Facebook wai hawan sallar Kano a talabijin a 1950 mai kala fes, dawaki suna sheƙi, fuskoki sumul kamar an shafa mai, ka yi hattara. A 1950 babu talabijin a Najeriya kwata-kwata, mai kala kuwa sai tsakiyar shekarun 1970 aka fara a Jos. Wasu tsohon fim ne na gaske aka shafa masa kalar ƙarya, wasu kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta zana su daga farko har ƙarshe, ka duba da kyau za ka ga doki da ƙafa biyar ko rawani mai kunne uku. Na ga wanda ya rantse ya ga kakansa a irin wannan.

To yanzu mu zo kan kwalin kawu, wanda shi ne ainihin dukiyar da ke hannunka kuma kake shirin kai ta mahauta.

Wannan kalma ta "a saka mu gani" wallahi ta kashe tarihi a ƙasar nan fiye da gobara da ambaliya da gara in an haɗa su. Kusan kullum sai na ji ta. Mutum zai zo da kaset a leda yana murmushi ya ce Malam mun ɗan gwada shi a gida sai ya fara nunawa tiryan-tiryan, minti biyu sai hoto ya fara yayyafi, sai ya ɗauke, sai muka ji na'urar tana ƙara ƙiiii, da muka ciro sai muka ga baƙin gari a ciki. Wannan baƙin garin da ka hure da baki shi ne hoton. Shi ne sarkin, shi ne laimar, shi ne mahaifin naka. Ba datti ba ne.

Ka san zaren kaset leda ce aka shafe ta da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, kuma wani irin gam ne ke riƙe garin a jikin ledar. To gam ɗin nan, musamman na kaset ɗin shekarun 1970 da 1980, yana shan danshin iska a hankali, damina bayan damina, har ya ruɓe ya zama danƙo. Daga waje kaset na nan garau kamar sabo, ciki kuwa zaren ya manne da juna ko ya yi laushi. Kai kuma ka tura shi cikin na'urar da gangar da ke ɗauke da kan karanta hoto ke juyawa sau 1,500 a minti ɗaya tana gogar zaren, me kake tsammani? Kan na'urar zai kankare garin kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, ya toshe, hoto ya ɗauke, shi kuma mai na'ura sai ya buɗe ya goge kan da auduga ya ce bari mu sake gwadawa, ya sake kankare wani wajen. Kowane "mu sake gwadawa" minti biyu ne ko uku na hawan sallah da ba za su dawo ba har abada, babu injiniyan da zai mayar da garin nan inda ya fito, ko a Jamus ko a Japan. Tsohon kaset irin wannan mu a wajen aiki ɗauka muke yi cewa sau ɗaya zai yarda ya wuce ta na'ura lafiya, to wannan sau ɗayan ba na leƙe ba ne, na juyewa ne, da komai a shirye, kwamfuta na naɗa tun daga daƙiƙar farko. Wanda ya ce bari mu leƙa tukuna in da abu mai kyau sai mu juye, ya riga ya cinye rabonka.

Sai shanya. Haba jama'a. Kaset ne ko kuɓewa? Na san daga inda wannan jita-jitar ta samo asali, kuma shi ya sa ta fi ba ni haushi, don ƙarya ce mai ɗan gaskiya a gindinta. E, masu wannan sana'a suna gasa kaset. Ana saka shi a wata na'ura ta ɗakin gwaji mai riƙe zafi daidai wajen digiri 50 zuwa 55, ba hawa ba sauka, iska busasshiya na zagayawa, na tsawon sa'o'i da yawa wani lokaci har kwana ɗaya ko fiye, sannan a bar shi ya huce a hankali, danshin ya fita gam ɗin ya ɗan kama jikinsa na ɗan lokaci, makonni kaɗan, a yi maza a juye kafin ya koma gidan jiya. Wani ya ga wannan a YouTube da Turancin da bai gama fahimta ba sai ya ce ai mu Allah ya hore mana rana kyauta. Ranar Kano a kan siminti ko kan kwano ba ta san digiri 50 ba, baƙar roba in ta sha rana tana wuce haka nesa, gefe ɗaya ya yi zafi gefe ɗaya bai yi ba, gidan kaset ɗin ya lanƙwashe, zaren ya miƙe ya yi kunne a gefe, kuma a gefen nan ne layin sauti da layin da ke daidaita hoto suke. Da dare kuma raɓa ta sauka ko a kwashe a kai ɗaki ya sake shan danshi, ga ƙura. Na ga wanda ya saka a obin ɗin gasa kek na matarsa. Na ga wanda ya ɗora a kan janareta wai ɗumi kaɗan. Akwai wanda ya tambaye ni ko maikirowef zai yi, na ce masa zai yi, in wuta yake son gani. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Kuma ko gasawar ta gaskiya ba kowane kaset ake yi wa ba, sai an duba an tabbatar ciwon danƙo ne. Mai fumfuna ba a fara shi da zafi. Fim kuwa ba a gasa shi ko kusa, zafi ajalinsa ne.

Farin garin da kake hangowa ta tagar kaset ɗin, mafi yawan lokaci fumfuna ce. Abu biyu game da ita. Na farko tana cin zaren kuma tana manne gefensa, in aka ja da ƙarfi sai ya yage. Na biyu tana cin mutum, kar ka buɗe ka sa hanci kana shinshinawa, kar ka hure da baki, in akwai mai asma a gidan ka nisanta shi da kwalin, in za ka taɓa ka sa takunkumi da safar hannu. Shi kuma mai na'urar kasuwa in ya saka mai fumfuna ɗaya, duk kaset ɗin da ya biyo baya na bikin wani ko na walimar wani ya kwashi rabonsa. Sifirit da yake cewa zai goge da shi, kan na'ura ake gogewa da irin wannan, shi ma mai tsabta na musamman, ba a tsiyaya shi a kan zare. Na taɓa karɓar kaset yana warin fetur, mai shi ya ce wani ne ya wanke masa. Na zare ɗan kaɗan sai ga leda fara tas kana hango yatsanka ta ciki, an wanke shi kam, har da abin da ke kai.

Tambaya ma, wace na'ura ce da shi? U-matic ba ya shiga bidiyon gida, zarensa inci uku bisa huɗu ne, Sony ta fito da shi a 1971, kuma iri-iri ne, akwai na ƙasa akwai na sama mai ingancin hoto wanda tashoshi suka fi amfani da shi, in ka saka na sama a na'urar ƙasa kala ba za ta fito daidai ba. An daɗe da daina ƙera na'urorin, ko bidiyon VHS na gida kamfanin ƙarshe da ke yin sa, Funai, ya tsaya a 2016. Duk na'urar U-matic da ka gani yau ta tsufa sosai, robobin cikinta sun saki ko sun narke, in ba a yi mata sabis ba tana kama zare ta tauna. Abin da na fi tsoro shi ne irin masu cewa ba matsala, su fasa gidan kaset su zare zaren da hannu wai za su naɗa a wani gidan. Ban ce mutumin nan mugu ba ne, neman abincinsa yake, kuma wataƙila ya juye kaset ɗin biki ɗari lafiya. Amma wanzami daban likitan ido daban. Kuma in ya lalata iyakarta ya ce maka dama kaset ɗin ya mutu, kai kuma ba ka da hanyar musawa.

Ko an dace hoto ya fito, yaya zai juye? Na san aikin: ɗan ƙaramin abin nan mai arha da ake soka wa kwamfuta, ko ma a kunna talabijin a ɗauka da waya, a matse awa guda ta koma ɗan fayil a tura maka ta WhatsApp, wanda shi ma zai sake matsewa. Mahaifinka ɗan lifida ne, kansa cikin kwalkwali, yana cikin ƙura a bayan hakimi, wataƙila daƙiƙa biyar kyamara ta yi a kansa. A irin wannan juyin fuskarsa za ta zama ɗigo huɗu. Juyi na gaskiya ana bi ta na'urar da ke daidaita rawar hoto, a naɗa ba tare da matsewa mai zubar da komai ba, awa ɗaya tana cin gigabait gommai, daga wannan uwar ne ake cire ƙaramin da za a raba wa dangi. Sannan mummunar al'adar nan ta an juye sai a zubar da kaset, ko a ba yara su zare su ɗaura a gona suna korar tsuntsaye, a'a. Asali ba a yar da shi, falash na mutuwa ba sallama.

Yanzu ga wani abu da zai ba ka mamaki. Idonka na kan kaset ukun da aka rubuta Sallah, ni kuwa idona na kan gwangwanayen nan huɗu masu wari. Lissafin mahaifinka ya hau, babbar sallah ta 1974 da 1975 da 1976 duk a watan Disamba suka faɗo, tsakiyar hunturu, to ba ruɗewa ya yi ba. A waɗannan shekarun kuwa abin da ake fita da shi waje a ɗauko labari yawanci kyamarar fim ce mai milimita 16, a wanke a yanka a nuna da dare, U-matic sai daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 ya kama ƙasa sosai. Kuma fim ba a goge shi a sake ɗauka a kai, shi ya sa ya fi faifai tsira. Saboda haka in akwai inda 1975 ta ɓuya a kwalin nan, na fi zarginta a gwangwani. Kaset ɗin ma ban cire rai ba, don akan juye tsohon fim a kan U-matic in za a yi shirin waiwaye, kuma rubutun bayan kaset ba abin rantsuwa ba ne, na sha ganin an rubuta Sallah a samu taron manoma a ciki, na kuma ga wanda ba rubutu ko ɗaya aka samu abin da ya sa mutane kuka. Ban yi maka alkawarin za ka ga mahaifinka ba fa, kar ka je ka tara 'yan'uwa. Amma ko ba shi a ciki, akwai mahaifin wani.

Warin tsamin nan kamar na ruwan khal alama ce fim ɗin ya fara cin kansa, ledarsa na fitar da asid, asid ɗin kuma na ƙara hanzarta ruɓewar, kuma yana harbin na kusa da shi. Ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu da sanyi. Fim ɗin yana ƙanƙancewa ya kakkantare, to in wani ya ce yana da tsohon majigi a gida bari a haska, wannan shi ne "a saka mu gani" na ɓangaren fim, haƙoran majigin za su yayyaga hujojin gefen saboda tazararsu ta riga ta canza, fitilar kuma in fim ya tsaya daƙiƙa kaɗan sai ta ƙona wajen. Sikana ake sa shi, mai bi a hankali hoto ɗaya bayan ɗaya. Ka duba faɗinsa, in kamar faɗin ɗan yatsa ne to 16 ne kuma ba ya cikin masu kamawa da wuta da kansu. In ya ninka haka, wato 35, kuma ka ga alamar ya girmi shekarun 1950, to ka nisanta shi da ɗakin kwana da kicin ka yi min magana da gaggawa, irin wancan in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Kuma kar ka yanke ƙauna don ka ga tsatsa, fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976 an daɗe ana cewa ya ɓata, aka gano shi a ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Abin da za ka yi da hannunka kaɗan ne kuma ba ya cin kuɗi. Ka raba gwangwanayen da kaset ɗin, ɗaki daban in da hali. Masu fumfuna su ma gefe guda. Kaset a tsaye ake jera shi kamar littafi, gwangwanin fim a kwance. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, ba saman silin ba, ba ƙasan gado a kan siminti ba, ba jikin bangon da ke tsatstsafo da damina ba, nesa da manyan sifiku da injin ruwa. Kar ka sa a firjin gida, da wutarmu ta ɗauke-kawo zufa zai riƙa yi, gara ɗaki. A ƙarƙashin kowane U-matic akwai ɗan jan maɓalli, ka cire shi ka adana, in babu shi na'ura ba za ta iya naɗar wani abu a kai ba ko da wani ya yi kuskure. Ka ɗauki hoton kowane rubutu da waya, gaba da baya da gefe, da duk wata takarda da ke cikin kwalin ko gwangwanin, kar ka yar da ko ƙyalle, wani lokaci 'yar takardar da ke ciki ta fi rubutun waje gaskiya. Sannan ka zauna da tsofaffin abokan aikin kawu tun suna raye, su ne kundin da ya rage, su za su ce maka wannan rubutun wane ne, wannan shekarar da aka yi kaza ce.

Wajen neman taimako, akwai taskar adana finafinai da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai, ka tuntuɓe su, ka kuma tambayi sassan koyar da aikin jarida na jami'o'i ko sun san mai na'urar da ke da rai. Duk wanda za ka ba, ka yi masa tambaya uku: me zai yi wa kaset kafin ya saka, yaushe aka yi wa na'urarsa sabis, wane irin fayil zai ba ka. In ya ce ai ba komai kawo kawai, ɗauki kayanka ka yi gaba. A rubuta yarjejeniya, guda nawa ka bayar, yaushe za a dawo da su, kuma ka fara da ɗaya, ba duka ba. Don hotuna marasa motsi da tsofaffin jaridu kuwa ka leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ka je da watan da shekarar a hannu, Disamba 1974 zuwa 1976, ya fi ka ce a nemo maka hawan sallar da.

Zancen mai makulli ba ya nan kuwa, hmm. Na yi aiki a wani wuri da ba zan kama suna ba, ɗakin ajiyar faifai esinsa ya mutu, muka rubuta takarda ta bi ofis bakwai, kafin a sa hannu damina biyu ta wuce, rufin ya yi yoyo, ƙarshe aka kira 'yan gwangwan suka auna manyan faifan nan a sikeli saboda alminiyon jikinsu, na tabbata wasu sun zama tukwane ana dafa shinkafar biki a ciki. Ranar ban ci abinci ba. Ba a rasa kuɗin sabon labule a ofishin shugaba ba fa a shekarar. Yanzu UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, kowa na ta murna ana buga ƙirji, madalla, amma ka tambayi masu murnar su nuna maka cikakken hawan Nasarawa na shekara arba'in baya, daga fitowa har komawa gida, da sautin kakaki da algaita da kirarin da aka yi wa kowane hakimi, ka ji amsar da za su ba ka. Masana harkar nan a duniya sun daɗe suna kururuwa cewa zaren maganaɗisu lokacinsa ya ƙure, Ostireliya har wa'adi ta sa wa kanta na 2025, mu kuwa muna nan muna jiran mai makulli. Abin da ya rage a hannun iyalan tsofaffin ma'aikata yake, irin kwalin kawunka, a ƙarƙashin gado da saman durowa, magada na rabon gado su ce wannan tarkacen fa, a kai bola. Amana ce wallahi, mutanen da ke cikin zaren nan sun mutu ba za su sake hawa doki ba.

Ka turo min hotunan rubutun jikin kaset ɗin duka 11 da na gwangwanayen, da hoton gefen fim ɗin in ya buɗu ba tare da ka tilasta shi ba, akwai wasu 'yan alamomi da Kodak ke bugawa a gefe, da'ira da murabba'i da dala, da su ake gane shekarar da aka ƙera fim ɗin. In murfin ya ƙi buɗuwa saboda tsatsa ka bar shi haka, kar ka sa guduma. Shi kuma mutumin kasuwa ka kira shi ka ba shi haƙuri, ka ce Asabar ɗin ba za ta yiwu ba.